Shirun Baban Nana

Ba zan taɓa mantawa da jegon Nana ba, ko da kuwa na so in manta.

Wankan gida na je wajen Inna a Ƙofar Kibo, mijina Nura kuwa yana Katar wajen aiki, bai taɓa ɗaukar 'yarsa ba. A waya kawai yake ganinta. Ɗakin Inna tsohon ginin ƙasa ne, katangarsa ba ta barin sabis ya shiga, sai da muka rataya rauta, na'urar da ke rarraba wa wayoyi intanet, a taga muke samu.

A lokacin ina shirin jarrabawar tsaron netwok na kwamfuta. Da mai hankali ce, da ta sha kununta na kanwa ta kwanta. Ni kuwa na ce ai ga filin gwaji, na kafa fayawol tsakanin rautar da wayoyin gidan (wato mai gadin da ke tantance abin da zai shiga da wanda zai fita). Kwamfutata ta ci gaba da aiki lafiya lau, har na yaba wa kaina.

Sai Nura ya daina kira.

Wallahi na yi kewarsa. In na fito daga wankan ganye, in yi wa Nana kwalliya, in sa mata tozali, in ajiye waya kusa da matashi ina kallo. Shiru. Na tura saƙo, bai tafi ba, na ce rufe ni ya yi. Ƙawayena ma sun yi tsit, amma ban yi tunanin komai ba, na ce duniya ce ta juya mini baya. Na yi kuka har Inna ta hasala.

Ranar Laraba ɗakin cike da 'yan barka, sai ga Yaya Binta, yayar Nura, ta diro daga keke napep ta faɗo ɗakin ko mayafi ba ta gyara ba.

"Lafiya kuwa? Ina jaririyar?"

Inna ta ce, "Lafiyarta ƙalau. Ɗan'uwanki dai za ki tambaya, da ya watsar da mai jego."

"Watsarwa? Inna, yaron nan ko abinci ba ya ci! Kira yake ba ya shiga, har ya fara neman tikiti."

Na jawo kwamfuta a hankali na leƙa. Na ba wayoyin gidan izinin wucewa, amma ban nuna musu hanyar fita ba. Layi ɗaya tak na manta.

Ina rubuta shi wayata ta hau ruri kamar ana ɗaurin aure. Cikin sauri na danna saƙon muryar Nura, a gaban Inna da Yaya Binta da matan unguwa: "Haba sanyin idona, ko fushi kike, nuna mini ƙafar Nana kawai."

Matan suka sa guɗa. Na ja zane na rufe fuska.

Na ci jarrabawar, Nura kuma har yanzu sai hutu muke ganinsa. Amma in ya yi shiru, ba na fara kuka sai na leƙa na ga ko ni na kulle shi a waje.