Ranar da Kaka Ya Koma Bulo

"Lafiya lau, sai dai wannan tsohon da aka ɗora mini," jikar ta amsa gaisuwar mai buga hotuna tana jawo wa kakanta kujera.

"Ɗana, kada ka saurare ta. Matata ce, kullum ina sakinta tana dawowa don babu mai kwasa."

"Wa zai zauna da angon da haƙoransa ke kwana a kofi?"

Jibi za a buɗe baje kolin masu sana'a, shagon ɗinkin gidansu kuma ya samu rumfa. Ita ce mai adana hotunan dangi, ita ta kafe sai an rufe bangon rumfar, mita uku, da hoton Kaka yana saurayi a kan keken ɗinkinsa na farko. Sai dai na waya ne a hannunta, wanda kawunta ya taɓa ɗauka a sace, ya bi wayoyi huɗu kafin ya iso gare ta. Asalin yana wurin Kaka, ya hana kowa.

Mai buga hotuna ya buɗe shi a kwamfuta, ya ja shi zuwa girman bango. Fuskar ta tsage gida-gida.

"Wayyo, Tsoho, ka koma bulo! Ina hancin?"

"Yana nan, hassada ce ta rufe miki ido." Ya gyara tabarau, ya matso. "Amma ɗana, me ya farfasa ni haka?"

"Baba, kowane hoto ɗigo-ɗigo ne. Wannan nasa kaɗan ne, da na ja shi, inci guda bai samu ko goma ba. Allon bakin titi zai wuce da haka, don daga nesa ake kallonsa. Rumfa kuwa taku biyu mutum zai tsaya, ina son kamar ɗari."

"A inci? Ashe ɗinki ne! Huɗu a inci na buhu, goma sha biyu na rigar ango."

"Ba za ka iya ƙara masa ɗigon ba?" ta tambaya.

Kaka ya riga shi amsawa. "Ji 'yar boko! Yadi ɗaya yana zama riga da wando don an ja shi?"

"Ka faɗa da bakinka. Fito da asalin."

"Ɓera ya ci."

"Ɓeran da ya maida shi ambulan ya sa maka a aljihu da safe?"

Ya dafe ƙirji. "A buga haka. Daga nesa kowa kyakkyawa ne, har ke."

"Ruwa ba ya tsami banza. Me ke ciki? Budurwa?"

"Da budurwa ce, da tuni na liƙa a ƙofar ɗakinki."

Ta durƙusa gefen kujerar, ta rage murya. "Kaka, shi kaɗai muke da shi na ƙuruciyarka. Kana so 'ya'yana su tashi su ga bulo?"

Ya dube ta, sannan ya zaro ambulan ɗin. Mai buga hotuna ya kwantar da hoton a gilashin na'ura, haske ya ratsa shi a hankali. Sai ga saurayi tar a allo, har zaren da ke rataye a leɓensa. Ta sa aka yi ta matsowa, daga ido zuwa wuya, daga wuya zuwa ƙirji. Nan ta tsaya. Aljihun rigarsa ya karkace, gefe guda ya haye kamar mai gudun ruwa.

"Wane mugun tela ne ya yi maka wannan?"

"Rigar farko da na ɗinka ce," ya ce can ƙasa. "Shekara hamsin ina sa masu koyo su warware karkataccen aljihu. Yanzu ki kafa nawa mita uku su zo su gani?"

"Zan iya miƙe shi, Baba," in ji mai buga hotuna.

"Ka taɓa shi mu ɓata!" ta ce.

Kaka ya dubi aljihun, ya dubi jikarsa, dariya ta ƙwace masa har da tari.

"Buga, ɗana, da ɗigonka ɗari. Bari su ga inda aka faro." Ya karɓi hoton, ya maida ambulan, ya danƙa mata. "Ungo, ki adana. Sadakinki ke nan, kada in ƙara jin bakinki."