Ranar da Kalangu Ya Kira Gidanmu

Ba na jin zan taɓa mantawa da bikin auren da aka yi a garin Zakka, ko na so ma ƙannena ba za su bari ba. A lokacin ina ji da kaina a matsayin mai sharhi. Fim na fitowa, kafin mutane su gama kallo na riga na yanke masa hukunci a waya: labarin ya yi sanyi, jarumin bai iya kuka ba, kiɗan ya cika kunne. (Masu karanta ni ba su wuce abokan makarantarmu ba, amma ni a ganina duk Batsari ni ake jira.)

Mahaifina mahauci ne, haka ma kakana. Ni kuwa boko ya ɗauke ni tun ina ƙarami, ko wuƙa ban iya wasawa ba. Da aka kawo goron auren ɗan amininsa a Zakka, ƙafar Baba ta kumbura, sai ya ce in je in wakilce shi. "Ka zauna cikin mahauta, kuma don Allah kar ka ba ni kunya," in ji shi. Na ce haba Baba, ni ne fa.

Bayan la'asar aka fara kiɗan kalangu a ƙofar gidan ango. Makaɗin wani siririn tsoho ne, yana bin mutane ɗaya bayan ɗaya, wanda ya tsaya a gabansa sai ya miƙe ya jinjina hannu ya yi masa kyauta. Da ya iso gabana sai ya kafe a kan kiɗa guda. Ya maimaita, ya sake maimaitawa, idonsa a kaina. Na duba na ga kowa ni yake kallo. Wallahi sai na ɗauka an gane ni ne, ra'ayina ake jira.

Na gyara zaman hula, na juya wajen dattijon da ke kusa da ni, na ɗaga murya yadda kowa zai ƙaru. "Baba, gaskiya hannunsa na da daɗi, amma ba shi da sabon abu. Wannan gaɓar tun ɗazu yake nanata ta, kuma ba ta da wata ma'ana. Da ni ne, da na yanke ta."

Kalangu ya yi tsit. Dattijon ya ƙare mini kallo, ya ce, "Yaro, ba kai ne jikan Mai Wuƙa Biyu ba?" Na ce ni ne. Ya ce, "To taken kakanka ne ka ce a yanke. Gidanku ake kira, kai muke jira ka tashi."

Ashe kowane gidan mahauta da takensa, kalangu na faɗar sunansa ba sai an buɗe baki ba. Na zabura na miƙe ina laluben aljihu, gumi har cikin ido. Makaɗin ya saɓa kalangunsa ya ce, "Zauna abinka, malam, ai na yanke ta." Dariyar da aka yi, har mata sai da suka leƙo ta katanga.

Labarin ya riga ni isa gida. Baba bai yi faɗa ba, abin da ya fi ƙona mini rai ke nan. Kwano ya kife a gabana, ya yi ta kaɗa taken da yatsu har sai da na iya shi.

Har yau ina sharhina, ban tuba ba. Amma in na ji ana nanata abu ban gane ba, nakan fara tambaya a hankali ko da ni ake.