Hayaƙin Turaren Yaya Hajara

Yayata Hajara tana sayar da turaren wuta a Tambuwal, ni kuma na ɗauki alkawarin haɗa mata bidiyon talla a kwamfuta. A raina ina hango siririn hayaƙi yana tashi daga kasko, yana lanƙwasa kamar mai gyangyaɗi. Da na zo saita yawansa, na ga kaɗan bai dace da gwani irina ba, sai na ƙure shi. Ban ko duba ba na tura mata, ta yaɗa.

Ashe hayaƙi ya haɗiye kaskon da kwalaben turaren duka. Wata dattijuwa ta bugo daga Kebbe: "Hajara, wanga maganin sauro naki nawa ne?"

Har yau, sauro na yin kuka a gidanmu, Yaya za ta ce, "A kira injiniya ya kunna kwamfuta."