Yadda Za Ka Tafi Zamiyar Ƙanƙara Daga Abbasiya

Ɗan'uwa, kana son hutun hunturu a kan duwatsun ƙanƙara kamar 'ya'yan manya, alhali ƙanƙarar da ka sani ta firij ce? Matso kusa. Abokin ɗakinmu Zubairu, a nan unguwar Abbasiya da muke zaman karatu a ƙasar waje, ya bi matakan nan bara, kuma wallahi sun kai shi har ƙolin dutse. Kai ma za su kai ka.

1. Fara da baki

Abokinka Ya'ƙub ya gayyace ka cin abinci gidansu a unguwar Ma'adi. Ƙanwarsa Mardiya, wadda ka shekara kana satar kallo, ta ce babansu zai kai su Turkiyya zamiya a kan ƙanƙara. Kada ka yi shiru! Zubairu cokali ya ajiye, ya ce, "Ai mu mun yi wannan har mun gaji." Mutumin Gusau fa.

Mardiya ta ce, "Da gaske? Baba, mun samu malami!"

Alhaji ya ce, "To madalla, da kai za a tafi." Khalas, shi ke nan, magana ta fita.

2. Haɗa kaya

Nufi 'yan gwanjo a kasuwar Wikala. Ɗauki rigar sanyi mai kaurin katifa, baƙin tabarau, safa uku. Ka sa su tun daga nan don jiki ya saba. Zubairu haka ya shiga ƙaramar bas yana zufa, har wata tsohuwa ta matsa, ta yi masa addu'ar samun lafiya.

3. Yi atisaye

Zuba ruwan sabulu a tayil ɗin falo, sa silifas, riƙe sandunan mofa biyu. Masana sun tabbatar santsi duk ɗaya ne. Ka dai rufe ƙofar kicin tukuna. Zubairu bai rufe ba, ya wuce da tukunyar wakenmu.

4. In tsoro ya kama ka, zille

Kowane ɗalibi ya san uzurin: fasfo yana wurin sabunta iƙama, takardar zama, sai ranar da Allah ya yi. Uzurin nan ba ya faɗuwa. Amma ka duba wa kake faɗa wa. Zubairu ya manta Alhaji a ofishin jakadanci yake aiki.

"Fasfo kawai? Ma'alish, ɗana, bar min wannan."

Kwana huɗu fasfo ya fito, an kai shi neman biza. Zubairu ya dawo gida ya zauna bakin gado, ya ce min, "Rilwanu, mutumin nan ya kashe ni da kirki."

5. Hau dutsen

Akwai wata kujera mai tafiya a kan waya, ita za ta ɗaga ka sama. Rufe ido, karanta duk abin da ka haddace. Sauran labarin a wayar Ya'ƙub na gani. Suna isa, Mardiya ta ce, "Yalla Malam, nuna mana." Zubairu ya leƙa gangaren, ya ga mutane a ƙasa kamar ƙwayar gero. Ya zauna daɓas.

"Mardiya, tsakani da Allah ban taɓa yi ba."

"Na sani. Tun a ƙasa ka sa hular kwanon baibai."

"Shi ne kika bari na hau?"

"So nake in ji inda gaskiya za ta fito."

6. Karɓi hukunci

Ajin yara ta kai shi. Kwana uku yana riƙe da igiya a bayan 'yan shekara biyar, gemu duk ƙanƙara, Alhaji na tsaye yana tafa masa. Amma kullum Mardiya da kanta take kawo masa shayi. Ranar dawowa ta ce yayanta ya ba shi lambarta.

Gargaɗi

Mai wannan rubutu ko tsanin bene hawa na biyar haki yake sa shi. In ka karye, ko ka daskare, ko yarinyar ta yi dariyarta ta wuce ba ko shayi, kada ka neme ni. Ba kowace ce Mardiya ba.