Ilu da yaron kilo goma

A Kukar Bawa akwai wani taubashina, Ilu. Gidansu mutum uku ne da jaki: shi, da matarsa Lantana mai tuyar ƙosai, da uwarsa Iya Tabawa wadda ta daina aikensa tun ranar da ta ce ya duba mata tuwo, ya zauna yana dubawa har ya ƙone. Ni kuwa malamin asibitin garin, mai takardar shaida a bango da biro uku a aljihu, ni na ɗauke shi aiki. Ofishin lafiya ne ya ce a auna yara 'yan shekara biyu. Garin da rahotonsa ya nuna yunwa za a aika wa abincin tamowa. Ni kuma, Allah na tuba, yabo nake nema, a ce garin Malam Nasidi ba yunwa.

Wata rana na ce, "Ilu, ba za mu iya auna kowa ba. Ka tsallake gida huɗu, ka shiga na biyar, ka kawo mini ƙaraminsu a gidan." Kafin azahar ya tara yara, cikinsu har da Baba Jatau mai shekara saba'in yana dogara sanda.

"Kai Ilu, wannan fa?"

"Likita, daga shi sai yayarsa a gidan. Shi ne ƙarami."

Tsohon ya rantse ba zai tafi ba sai an auna shi. Haka muka ɗora shi a sikeli, mata na ta shewa.

Wata rana na shimfiɗa tabarmi huɗu na kasa nauyi: kilo shida zuwa takwas, takwas zuwa goma, goma zuwa sha biyu, sha biyu zuwa sha huɗu. Kowane yaro tabarma ɗaya, a ja masa sanda ɗaya a takarda. Sai ga wani yaro kilo takwas cif. Tabarmar farko ta ce nata ne, ta biyu ma haka. Laifina ne, ni mai biro uku, amma na daka wa Ilu tsawa: "Ka san yadda za ka yi!" Ilu ya sa yaron a cinya, ya yi ta ɗura masa kunu har allurar sikeli ta gota takwas. Uwar yaron ta yi masa godiya.

Da aka gama, yara talatin ne: sha huɗu a tabarmar farko, sha huɗu a ta ƙarshe, ɗai-ɗai a na tsakiya. Ban tsaya kallon wannan ba, ina! Na ɗauki tsakiyar kowane rukuni na ninka da yawan yaransa, na haɗa, na raba talatin. Kilo goma daidai. Na rubuta da manyan baƙaƙe cewa matsakaicin yaron Kukar Bawa kilo goma ne, lafiya lau.

Wata rana jami'ar ofis, Sista Ladidi, ta zo karɓar rahoto. Don in burge ta na ce, "Ilu, je ka kawo matsakaicin yaron nan mai kilo goma ta gani." Ya saɓa sikeli ya fita. Har ta sa hannu a takardar ta miƙe za ta shiga mota, sai ga shi yana haki da yara biyu, ɗaya a kowace kafaɗa. Na dama ɗan mahauci ne, kumatu sumul. Na hagu wata yarinya ce, Abu, wuya kamar sillen kara, ko kuka ba ta iya yi.

"Likita, na auna gida-gida, wallahi babu mai kilo goma. Ga mai sha uku, ga mai bakwai. Ka haɗa su ka raba biyu, yadda ka yi a takarda."

Ba wanda ya yi dariya. Sista ta karɓi Abu, ta taɓa ƙafarta, ta tambaye ni irinta nawa ne. Ilu ne ya ce sha huɗu. Ta soke sa hannunta, ta rubuta kwali ashirin na abincin tamowa.

Kunya ta kama ni har na kasa ɗaga kai, don ta ƙofar gidan su Abu nake bi kullum in tafi asibiti. Sista ta miƙo mini yarinyar ta ce, "Riƙe ta, Malam, ka ji kilo bakwai da hannunka."