Rasuwar Kujerar Shugaban Kamfani

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da ƙugu mai cike da tsami, ni Jalaluddeen Tanimu na Yelwa, wanda aka fi sani a Fesbuk da Tiktok da Shugaban Kamfanin Jalal Gulobal Konsot, nake sanar da 'yan uwa da abokan arziki, har da mahassada tunda su suka fi bibiyata, rasuwar kujerata mai juyawa. Ta cika ranar Alhamis da hantsi, ina kanta, a gaban mutum ɗari huɗu da ke kallona kai tsaye.

Marigayiya 'yar babban gida ce. An ce manajan banki ne ya fara zama a kanta kafin a yi gwanjonta. Ta zo hannuna shekara uku da suka wuce, lokacin da takalmina ya siɗe a yawon kai takardun neman aiki daga Birnin Kebbi har Abuja. Ofis ya gagare ni, sai na samu kujerar ofis, na ce da babu gara ba daɗi. Na kafa ta a rumfar bayan gida inda Innata Aminatu ke bandar kifi, na rataya farin labule tsakaninta da murhu. Allah ya taimake mu, waya ba ta ɗaukar wari.

Baiwar Allah ce mai karamci, ba ta taɓa tambayar kowa takardar shaida ba. Zaidu ɗan kabu-kabu ya zauna a kanta minti biyar, ya tashi Masanin Harkokin Sufuri. Hannah mai kunun zaƙi ta ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya, aka ɗauke ta hoto, da yamma ta zama Daraktar Abinci da Abin Sha. Rabin manyan mutanen Yauri da kuke gani a waya kuna jin kun makara a rayuwa, a kan marigayiya aka naɗa su, kuma kowannensu ya fita yana kaɗe toka daga rigarsa.

A kanta na gabatar da Sirri Bakwai na Cin Nasara Kafin Shekara Talatin, ina da talatin da ɗaya. A kanta na ce mai albashi bawa ne mai takalmi, dubban marasa albashi suka danna mini alamar zuciya. Malaman makaranta da ke ciyar da gidajensu suna turo mini saƙo a ɓoye, wai in ba su shawara. Ni da kuɗin datar da nake ba su shawarar daga lalitar Inna yake fitowa! Ita kaɗai marigayiya ke faɗa mini gaskiya. Duk sanda na jingina baya na ce kamfaninmu na shirin buɗe reshe a Dubai, sai ta ce ƙiiiƙ. Ban taɓa saurarenta ba.

Ciwon ajalinta ya fara ne da sauka. Ina tsakiyar jawabi sai ta ce fusss, ta dinga ƙasa da ni a hankali har sai hulata kaɗai ake gani. Na kai ta wajen mai walda, na ɗaure ta da roba, na cusa mata katako. Duk a banza, ta gaji da ɗaukar abin da ya fi ƙarfinta.

Ana cikin jinyar ne labari ya zo cewa Kawu Yusha'u, yayan Inna, yana neman mai digiri da zai kula masa da injin casar shinkafarsa a Shanga. Aiki ne na gaske, mai albashi a ƙarshen wata, irin wanda na shekara biyar ina roƙon Allah, uku daga ciki ina kuma zaginsa a waya. Na sa Zaidu ya kai ni a ɓoye, na durƙusa a gaban Kawu na faɗi buƙatata. Ya yi dariya har da hawaye, ya ce, "Haba ɗana, kai da ke da kamhwani, mi za ka yi da ƙurar shinkahwa? Hamdiyya ta gwada min hotunanka, na gode Allah. Bari in ba mabuƙaci." Hamdiyya 'yarsa ce, ita ke nuna masa duniya a wayarta, don shi tasa ta kira da tocila ce. Na rantse masa ba ni da ko kwandon shara. Ya dafa kaina ya ce irin wannan tawali'u a wurin babban mutum shi ne tarbiyya. Ranar Litinin mai zuwa zai miƙa wa wani makullin injin.

Da wannan ɓacin rai na dawo na hau marigayiya ranar Alhamis. Mai hali ba ya fasa halinsa, kan jawabina shi ne Dalilin da Ya Sa Ba Zan Taɓa Yi wa Kowa Aiki Ba. Na jingina baya don in nuna kwanciyar hankali. Ta ce ƙiiiƙ, ta ce ƙas, wannan ce kalmarta ta ƙarshe. Na tafi da baya, na cafki labule don in tsira, labule ya biyo ni. Sai ga hedikwatar kamfani a fili: murhu uku, hayaƙi, kwandunan kifi, da Inna da zaninta na aiki. Ko kallon wayar ba ta yi ba, ta ce, "Jalalu, in ka ƙare shugabancin, taho ka juya min tarwaɗag ga, tana ƙuna."

Kafin la'asar bidiyon ya ga mutanen da jawabaina na shekara uku ba su gani ba. Waɗanda jiya suke kirana Jagora su ne suka sa masa kiɗa. Zaidu da Hannah, da aka naɗa a kan kujerar nan, sun tura wa kowa, kuma har yau ba su sauke muƙamansu ba.

Marigayiya ta bar tayoyi huɗu, ta biyar ta riga ta. Ta bar farin labule da ya ƙone a gefe, da tabarau marar magani, da kwamfutar da ba ta taɓa kamawa ba tun da aka kawo ta, da mabiya dubu goma sha ɗaya waɗanda babu ko ɗaya da ya tambaya ko na ji ciwo.

Za a yi jana'izarta ranar Asabar da safe a ƙofar gidanmu, inda 'yan gwangwan za su ɗauki ƙarfenta zuwa makwancinsa. Soson kuwa Inna ta riga ta yi gadonsa, ta ce zai yi mata matashi a bakin murhu. Ba a buƙatar saƙon ƙarfafa gwiwa, mu muke sayar da shi, mun san abin da ke ciki.

Alfarma ɗaya iyalai ke nema. Kwana biyu na yi ina roƙon jama'a su goge bidiyon nan, yanzu na janye roƙon. Hamdiyya ta ƙi nuna wa mahaifinta, wai don rufin asirin dangi. Saboda haka duk wanda hanya ta bi da shi ta Shanga kafin Litinin, don girman Allah ya tsaya a injin Kawu Yusha'u, ya zaunar da tsohon, ya kunna masa daga farko har inda Inna ta yi magana. In bai gani da kyau ba a maimaita masa. A gaya masa mabuƙacin da yake nema ke nan a ƙasa, ƙafafu a sama.