Rasuwar Magajiya, Tsohuwar Rautar Shagon Shamima

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, amma kai a ɗage, Hajiya Shamima mai shagon intanet na layin bayan kasuwar Nima tana sanar da 'yan uwa da abokan arziki na Maamobi, Kotobabi da New Town rasuwar Magajiya, tsohuwar rautar shagonta. Ita ce baƙar na'urar nan da ke zaune saman kabad tana nuna wa kowane saƙo hanyar da zai bi. Ta cika ranar Talata da la'asar, sa'ad da wutar lantarki ta dawo a fusace bayan an ɗauke ta. Ta ce "tit" sau ɗaya, ƙaurin roba ya tashi, shi ke nan.

Marigayiyar ba 'yar yau ba ce. A tashar jiragen ruwa ta Tema ta sauka cikin kayan gwanjo, bayan ta yi wa wani ofishin Turai bauta har ya gaji da ita. Mu ba mu gaji ba. Ta zo Nima tun zamanin da samari ke bin layi don buɗe imel, kuma tun daga ranar fankarta ke kukan "wuuu" ba hutu. Ta kai takardun neman makaranta, ta kawo sakamakon jarrabawa mai daɗi da marar daɗi, ta kai hotunan jarirai Jidda da Hamburg. Ta san abin da kowane saurayin layin nan ya rubuta wa budurwarsa, da wanda ya rubuta wa ta biyun, ba ta taɓa kai tsegumi ba. Mutum nawa za a yi wa wannan shaida a Nima?

Sai dai ba za a rufe ta da ƙarya ba, Magajiya tana da hali. Tarbiyyar dā aka yi mata, irin wadda ke kallon adireshin kowace kwamfuta ta fuskar dangi. Idan saƙo ya zo na baƙon da ba ta taɓa jin zuri'arsa ba, ba ta ja, sai ta miƙa shi hanyar gama-gari, wato ƙofar da ke fita wajen kamfanin intanet, su can su nemo mai shi. Amma idan lambar ta dangin gida ce, irin masu farawa da goma kamar na shagon, to a nan take kafewa. In ta san ɗakin, ta kai. In ba ta sani ba, ta ajiye saƙon ƙasa ta yi shiru. A ganinta abin kunya ne ka tambayi bare hanyar gidan ɗan uwanka.

Wannan halin ne ya ja mata baƙin jini. Abdul-Fatawu, ƙanen Hajiya, wanda ta goya bayan rasuwar uwarsu, ya tashi ya buɗe nasa shagon a unguwar Madina, can bayan gari. Hajiya ba ta so ba, kuma ba ta ɓoye ba, don ita ba ta iya ɓoyewa. Duk da haka suka shirya cewa ita za ta riƙa zana katunan aure da na suna a Nima, shi ya buga su a babban injinsa can. Kamfanin ya haɗa shagunan biyu ta cikin layinsa. Da aka tambayi Abdul-Fatawu lambar da za a ba kwamfutocinsa, sai ya ce a ba su mai farawa da goma, ai gida ɗaya ne. Da ya ɗauki lambar bare, da saƙo ya wuce salin alin. Zumunci ya sa ya zaɓi ta gida, zumuncin nan kuma shi ya sa Magajiya ta ƙi.

Kati bai tafi ba, kati bai dawo ba. Shagon yana gaisawa da Amurka da Jamus, amma Madina da ke nan bayan gari ta gagara. Sai Abdul-Fatawu ya bugo waya.

"Sista, in ba ka so in yi shago na, ka gaya mini. Ba sai ka kulle ni ba."

"Ni na kulle ka?" in ji Hajiya. "Kai da ka kwashe kaya ba sallama? Kai ka yanke waya, ni ban taɓa komi ba kwaraa, ko kaɗan."

Wayar ƙarshe ke nan. Ya sake gida, bai faɗi inda ya koma ba. Matarsa ta haihu, a bakin masu sayar da albasa Hajiya ta ji. An sa wa yarinyar Damata, sunan uwarsu, kuma har yau Hajiya ba ta ɗauke ta ba. Abin yana cin ta ƙwarai, kowa ya ga yadda ta rame, amma ka ce mata ta tambayi hanya, ka ga tashin hankali.

A watannin ƙarshe marigayiyar ta sha jinya. Fankarta ta koma tari, "kar-kar-kar", jikinta zafi rau. Hajiya ta yi mata fifita da mafici, ta ɗaga ta kan bulo, ta hana kowa ɗora mata kofin shayi. Kwana ya ƙare.

Washegari Jamiu mai gyara ya kawo sabuwar rauta, 'yar fara mai ƙahoni huɗu. Yana jona ta, kwamfutocin Madina suka amsa. Ya yi dariya ya ce, "Hajiya, ba wanda ya kulle kowa. Tsohon na'uran nan kilasful ne, yana bin ajin lamba. Na yanzu kilasles, in bai san wuri ba, dangi ko ba dangi, yana tura shi hanyar gama-gari. Da layi ɗaya na umarni aka rubuta masa, da saƙo ya wuce tuntuni."

Kafin magariba labari ya zaga unguwa. Waɗanda jiya suke cin arzikin Magajiya, yau su ne ke cewa ita ce ta raba 'yan uwa. Wani ya ce a jefa ta babban kwalbati. 'Yan kwandam masu sayen tsohon ƙarfe har sun zo da kurarsu suna taya ta kamar tunkiya. Hajiya ta kore su da tsintsiya.

Don haka iyalan mamaciyar suna so kowa ya ji da kyau. Magajiya ba ta yi laifi ba. Abin da aka koya mata ta riƙe har ta mutu a kai, kuma ba kowa ke iya haka ba. Wa ya zo ya gabatar mata da Madina? Wanda ya tashi shi ke barin adireshi, haka muka taras. Ita sabuwar, an karɓe ta, Allah ya ba ta lafiya, amma Hajiya ta ce na'urar da ke miƙa saƙon gida ga duk wanda ya wuce ba ta kai a kira ta Magajiya ba. Ba za ta hau saman kabad ba, a kan tebur za ta zauna.

Marigayiyar ta bar suwic biyu masu rarraba waya, ɗaya kurma. Ta bar firinta mai cin takarda, kwamfutoci da suka rasa haƙora, wayoyi masu yawa da ba a san ubansu ba, da wata tsaka da ta daɗe tana jin ɗumi a bayanta, wadda yanzu ba ta da wurin kwana.

Limamin layi ya ce ba a yi wa ƙarfe salla, kuma an yarda da shi. Za a naɗe ta a sabuwar atamfa a sa ta cikin akwatin auren Hajiya, ranar Lahadi bayan azahar, a ƙofar shago. Akwai waake, wato shinkafa da wake, da lamurje. Masu zuwa da niyyar zagi su ci a gidajensu.

Sharaɗi ɗaya ne. Ba za a rufe akwatin ba sai Abdul-Fatawu ya zo, kuma da Damata a kafaɗarsa. In bai zo Lahadin nan ba, gawa ba ta wari, za ta jira.

Hajiya ba ta san gidansa ba, kuma ba za ta tambaya ba. Kada wani ya je ya ce ta aika masa. Ta dai buga sanarwar nan da yawa, ta kai tasha da kanta, ta ba kowane yaron motar toroto mai zuwa Madina guda, ba suna ba adireshi. Ta ce su liƙa a gilashi, duk wanda ya karanta ya miƙa gaba.